Ƙafar Baba da Ƙahon Wanzami

Shekara talatin da wani abu Baba ya yi yana kawo shanu Fatakwal daga Arewa, kuma bai taɓa yarda ya shiga motar fasinja ya bar dabbobinsa a baya ba. Gaban tirela yake shiga, ya matse tsakanin direba da wani abokin fatauci, gwiwa a lanƙwashe, jaka a kan cinya, kwana biyu, wani lokaci uku idan hanya ta lalace. Ruwa ma ba ya sha sosai, wai don kada ya riƙa tsayar da mota shanu su galabaita. Shanun yake tausayi, shi kansa ko oho.

Ni ce babbar 'yarsa, a nan Fatakwal aka haife ni, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti nake aiki. A gidanmu kuwa wannan aiki bai wuce abin tsokana ba. Idan na yi magana a kan lafiya sai a ce likitar kwalba ta fara.

Wata Talata cikin damina Umma ta kira ni a waya, ta ce Baba ya sauka tun shekaranjiya amma ƙafarsa ta hagu ta kumbura, in na tashi in taho da man zafi. Na tambaye ta ƙafa ɗaya ce ko biyu. Ta ce ɗaya. Na ce ya bugu ne? Ta ce a'a, haka kawai. Nan take na nemi izini na fito ban ko cire farar rigar aiki ba.

Na tarar da shi a tsakar gida a kan tabarma, ƙafar a miƙe. Daga sharaɓa har cinya ta yi suntum, tana sheƙi, in ka taɓa da zafi. Baffa, ƙanin Baba, wanda mahauci ne a kwata, ya naɗe hannun riga ya lafta mai yana murza sharaɓar da dukkan ƙarfinsa, irin murzar mutumin da ya saba juya sa shi kaɗai. Ban yi sallama ba, ban gaishe da kowa ba. Na cafke hannun Baffa na ce ya bari.

Har yau ina jin kunyar wannan riƙon. Baffa ya dubi hannuna a kan nasa, ya dubi Baba, ya miƙe ya goge hannunsa da tsumma ya fita. Da bakina na da linzami da na fara da gaisuwa, in ja shi gefe in yi masa bayani. Amma abin da nake gani a lokacin shi ne gudan jini a cikin babbar jijiyar ƙafa, yatsun Baffa suna tura shi. In ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya kai zuciya, zuciya ta jefa shi huhu, kuma mutum yana zaune ana hira sai numfashi ya tsaya. Na san wannan, su ba su sani ba, ni kuma ban iya faɗa a hankali ba.

Da ƙyar da roƙon Umma Baba ya shiga tasi. A asibiti aka yi masa hoton ƙafar, wata likita 'yar nan yankin ruwa ta shafa masa wani abu mai sanyi ta riƙa danna na'ura tana kallon allo. Gudan yana nan, dogo, ya toshe jijiyar daga bayan gwiwa zuwa tsakiyar cinya. Ta juyo ta ce masa da turancin kasuwa, wanda shi ne Baba ke ji, “Papa, make nobody press this leg o.” Wato kada kowa ya matsa ƙafar nan. Ya ce ya ji. Ni na ɗebi jininsa da kaina na kai ɗakinmu na gwaji. Aka yi masa allurai na 'yan kwanaki, aka ɗora shi a kan ƙwaya, aka ce wata uku aƙalla, kuma babu doguwar tafiya. Babbar Sallah saura wata biyu, lokacin da duk mai fataucin dabbobi ke jira tun farkon shekara.

Kwana goma ya yi yana shan ƙwayar ba musu. Wata rana na dawo daga aiki na same shi yana latsa sharaɓar da ɗan yatsa yana kallon ramin da ya bari.

Ya ce, “Uwata, zo nan. Wannan maganin naku, yaushe zai narkar da abin?”

Na ce, “Ai ba ya narkarwa, Baba.”

Kai, da na san abin da wannan amsa za ta jawo da na haɗiye ta. Gaskiya ce, amma na jefa masa ita kamar dutse. Ya ɗago ya dube ni ya ce to me yake sha kenan safe da yamma. Na jawo kujera na zauna, na ɗauko takarda da biro, na shiga karatu kamar ina gaban ɗalibai.

Na ce masa gudan jini ba dunƙule ba ne kawai, zare ne. Akwai wani abu narkakke a cikin jini da ke juyewa ya zama siraran zaruruwa, su saƙu, su kama ƙwayoyin jini a ciki. Ya gyaɗa kai, don wannan ya sani, ya sha ganin masu tara jini a kwata suna juya shi da sanda, zaren yana nannaɗewa a jikinta. Na ce ƙwayar da yake sha aikinta ta hana a saƙa sabon zare, kada gudan ya ƙaru. Mai warware tsohon kuwa yana cikin jikinsa tun ranar da aka haife shi. Hanta ce ke yin sa ta zuba a jini, yana yawo ba ya taɓa komai, kamar wuƙa a cikin kube. A makaranta plasminogen muke ce masa. In ya iske zaren gudan jini sai ya manne a jikinsa. Bangon jijiyar kuma yana sakin wani sinadari da ke zuwa ya same shi a kan zaren, ya datse shi a wuri ɗaya tak, sai ya buɗe ya koma plasmin, wuƙa ta fita daga kube. Daga nan ya shiga yanka zaren gaɓa gaɓa, kuma duk inda ya yanka yana buɗe sabon wurin da 'yan'uwansa za su manne, aiki ya ƙara sauri. In kuwa ya kuskura ya bar zaren ya shiga yawo, akwai mai gadi a cikin jini da ke damƙe shi nan take, don kada ya je ya yi ɓarna inda ba a sa shi ba. Na ce masa gwajin da na yi ranar farko ma ya nuna gutsattsarin zaren a jininsa da yawa, alamar tun kafin mu je asibiti an fara yankan.

Ni wallahi duk lokacin da na tuna wannan tsari sai in ji tsigar jikina ta tashi, tun ina makaranta. Na zana masa kibiyoyi, na ja layi a ƙarƙashin kalmomi, takarda ta cika. Ya karɓa ya juya ta sama ya juya ta ƙasa.

Ya ce, “Duk wannan a cikin ƙafata?”

Na ce e.

Ya ce, “To ki gaya masa ya yi sauri, ina da tafiya.”

Na ce akwai allura mai ƙarfi da ke tayar da shi gaba ɗaya a lokaci guda, amma sai in rai na kan siraɗi ake yin ta, don tana iya sa jini ya ɓalle har a cikin kai. Nasa sai dai a jira. Ya ninke takardar ya sa a ƙarƙashin buta don kada iska ta ɗauke ta, ya ce in je in ci abinci.

Asabar da safe Umma ta ce in je kasuwar Creek Road in sayo mata busasshen kifi da ƙananan jatan lande. Na shiga mota, ruwa yana tsattsafi, mun yi nisa sannan wani tunani ya zo mini. Umma ba ta taɓa aikena kasuwa ba. Kullum cewa take ban iya ciniki ba, masu kifi suna ganin tabarau ɗina suke ninka kuɗi. Ga kifi a bakin layinmu, me ya kai ta zaɓar kasuwar da ke can ƙarshen gari? Na buga jikin mota na ce a sauke ni, na tsallaka titi na tari keke na koma.

Takalma uku na gani a ƙofar falo. Da na shiga, Baba na kwance rub da ciki a kan tabarma an naɗe masa wando har cinya. Baffa na zaune a kujera. A gefen ƙafar kuwa tsohon wanzamin unguwarmu ne, mutumin da ya yi mini askin suna, ya yi wa ƙannena, kowa a layin nan ta hannunsa ya biyo. Ya riga ya kafa ƙaho biyu a sharaɓar ya zuƙe, yana jiran fata ta taso kafin ya cire ya yi tsaga. Askar tana kan farin ƙyalle a shimfiɗe, kusa da kwanon ruwa.

Wannan karon na tuna da abin da na yi wa Baffa. Na durƙusa har ƙasa. Na ce, “Baba wanzam, ina kwana.” Ya ce lafiya lau. Ya gajiya, ya ruwa, ya iyali, ya aiki, ya masu jiki. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba, shi ma ya jero nasa, har da tambayar ko ƙanwata ta haihu. Idona a kan aska, bakina yana cewa alhamdulillahi. Na juya na gaishe da Baffa, ya amsa a taƙaice. Sannan na matsa na zauna daɓas tsakanin wanzami da ƙafar.

Na ce, “Baba wanzam, ka yi mini rai. Akwai maganin da yake sha, in ka tsaga shi jinin ba zai tsaya da wuri ba.”

Tsohon ya dubi Baba ya ce, “Alhaji, ba ka gaya mini kana shan irin wannan ba.” Ya ce ya taɓa gamuwa da haka sau ɗaya, wani mai ciwon zuciya, tsaga huɗu kacal, suka wuni suna danna auduga. Ya miƙa hannu ya saki ƙahonin, suka bar da'ira biyu ja a fatar. Amma bai haɗa kayansa ba, ya zauna yana jira, don mai gida bai sallame shi ba.

Baba ya juyo ya tashi zaune. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni irin na ranar ba. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce da bakina na ce maganin ba ya narkar da komai. Ya ce mataccen jini ne a ƙafar, kuma tun kakanni ƙaho ke fitar da mataccen jini, ana gani da ido a cikin kwano baƙi ƙirin. Ya ce zai bar ƙwayar kwana uku, wanzami ya dawo.

Na ce ƙaho jinin fata yake ja, gudan kuwa yana can ciki kusa da ƙashi, kuma wanda ake gani a kwano a waje ya daskare. Na ce in ya bar ƙwayar kwana uku gudan zai ƙaru. Ina magana ina jin yadda maganar ke faɗuwa ƙasa, ba wanda ya ɗauka. Daga ƙarshe na ce, “Baba, tsoro nake ji kada ka mutu.” Muryata ta karye, na ji haushin kaina. Umma tana laɓe a bakin ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe baki.

Baffa ne ya yi gyaran murya. Tun ranar tausa bai ce mini komai ba sai amsa gaisuwa, kuma na ɗauka zai ce a fitar da yarinyar nan a yi abin da ya tara mutane. Bai ko kalle ni ba, yayansa ya fuskanta.

Ya ce, “Yaya, in sa ya faɗi a mota sauran suka tattake shi, ranar da aka sauke kake kawo mana?”

Baba ya ce, “Ka san ba na yi. Ku ne za ku fara ƙorafi nama ya yi baƙi.”

“To ya kake yi da shi?”

“In ɗaure shi a kara, can kasuwar shanu, a ba shi dusa da ruwa, sati biyu, uku.”

Baffa ya ce shi ne mai feɗewa, shi ya san abin da ke ƙarƙashin fata. Wanda aka yanka a ranar, jini ya kwanta a cinya guda guda, sai an yanke wurin an zubar. Wanda aka bari ya huta kuwa, ka feɗe ka ga wurin ya yi ɗan rawaya, in ya daɗe ma ba za ka gane inda ya bugu ba. Ya ce shekara da shekaru yana ganin haka bai taɓa tambayar inda jinin ke tafiya ba, sai daren jiya da Umma ta nuna masa takardata.

Ya ce, “Wa ke yi wa wannan sa ƙaho, Yaya?”

Baba ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Sannan ya dube ni ya ce, “Shi ne abin naki?”

Na ce shi ne. In za a bi gaskiya, kwanciyar jini a tsoka daban take da gudan cikin jijiya, kuma akwai wasu ƙwayoyin da ke zuwa su share abin da aka yanka, amma mai yankan zaren guda ne. Wannan karon na yi wayo, ban ƙara ko kalma ɗaya a kan shi ne ba.

Ya ce, “Wato ni za a ɗaure a kara.”

Wanzami ya yi dariya har ya nuna gibinsa, ya ce tun da an fito da aska ba za ta koma haka nan ba, Alhaji ya kawo kai. Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu ya ce shekararsa hamsin a sana'ar nan bai taɓa yanka kan mutum ba, in kwantar da hankalina. Ya yi wa Baba aski tas, ko ɗigo bai fito ba, ni kuwa ina tsaye a kansa da auduga a hannu har ya gama.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba, kada in yi ƙarya. Baba ya zama mafaɗaci. Abokansa suka tafi Arewa suka dawo da raguna, shi yana zagaya layi da sanda don likita ta ce ya riƙa takawa. Ya ƙi sa doguwar safar da aka ba shi sai da Umma ta daina yi masa magana yini guda. Kullum da safe ina auna sharaɓar da tef ɗin ɗinkin Umma kafin in fita, wani satin ta ragu, wani satin ta tsaya cak, in tafi aiki da ciwon kai. Na kan zauna gaban kwalaben jinin mutane ina tunanin abin da ke faruwa a cikin jijiyarsa a wannan sa'a, ana yanka zare ɗaya, a matsa a yanka na gaba, ba wanda ya ji, har shi mai ƙafar. Na san kuma ba kowa jijiyarsa ke buɗewa ba, wani haka yake ƙarewa da kumburi da gyambo. Wannan ban gaya wa kowa a gida ba. Baffa kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, duk yamma in ya taso daga kwata sai ya leƙo ya ce, “Yaya san nan namu yake, yana cin dusa?”

Da wata uku ya cika muka koma wurin hoto, ni da shi. Likitar nan ce dai. Ta shafa abin sanyin, ta danna bayan gwiwa, ta hau cinya, ta dawo. Ni ina tsaye a bayanta na ƙura wa allon ido. Wurin da ya toshe a da, yanzu akwai wata siririyar hanya a tsakiya, launi yana wucewa ta ciki. Ba ta buɗe duka ba, akwai saura manne a bango, amma jini yana wucewa. Ta ce zai ci gaba da ƙwayar tukuna, kuma in ya koma tafiya dole ya riƙa sauka yana takawa, ya sha ruwa ko shanu za su yi fushi. Sai ta murɗa wani maɓalli, wani sauti ya cika ɗakin, shuuu, ya lafa, shuuu, kamar iska a cikin kara.

Baba ya ɗago kai daga matashi ya ce mene ne wannan. Na ce jininsa ne ke tafiya a jijiyar.

Ya kasa kunne yana saurare. Likita ta ce ya ja numfashi, sautin ya tsaya, ya sauke, ya dawo. Ya ce, “Uwata, tun ina yaro nake ganin jini, kullum a ƙasa nake ganinsa, ya riga ya zube. Ban taɓa jin sa yana tafiya ba.”

Likita ta kai hannu za ta ɗauke na'urar. Ya riƙe gefen gadon ya ce da ni, “Ce mata ta ɗan bari.”

Na gaya mata, ta bari. Na juya musu baya na cire tabarau ina gogewa da gefen mayafi, sautin yana ta tafiya, shi kuma yana kwance ya rufe ido yana ji.